Yadda Muka Nemo Tsohuwar Bagzan

Jikana Habu da abokansa sun kafa rumfa a bakin kasuwar Damagaram, suna tura wa mutane waƙoƙi a waya. Rannan ina zaune wajensu ina shan inuwa, wani ya zo ya ce a zuba masa waƙoƙin Abzinawa na dā. Habu ya danna nan, ya danna can, ya miƙa masa wayarsa. Na ce, "Wa ya rera ta farkon?" Ya leƙa ya ce, "Kaka, lamba ce kawai, babu suna." Wani mai askin banza a cikinsu ya ƙara da cewa ai sana'ar da na yi a Libiya irin tasu ce, sai dai tawa ta fi ɓata lokaci. Ban zage shi ba saboda a kasuwa muke. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa zan faɗa muku yadda aikin yake, ku da kuke ganin danna maɓalli ne kawai.

Na shiga Sabha lokacin da kuɗin mai ke ambaliya, duk inda ka duba gini ake yi. Ɗaukar siminti na je yi, bayana ya ƙi ba ni haɗin kai. Sai Allah ya haɗa ni da Baba Sanda, wani dattijo mutumin Agadas mai shagon kaset a unguwar Mahdiya, tsakanin mai walda da mai shayi. A zamanin nan duk leburan da ya karɓi albashinsa na farko, kafin ya sayi bargo sai ya sayi manyeto, abin da Kanawa ke kira rakoda. In ya saya kuma, sai ya nemi abin da zai kunna ya ji kamar yana gida. Wannan neman shi ne abincinmu.

Aikin farko da aka ba ni shi ne goge kan manyeto. Ka naɗa auduga a tsinken ashana, ka tsoma a turare mai ƙarfi, ka goge ƙarfen da zare ke bi, har audugar ta daina fitowa da datti. Ƙurar Sabha ba ta san hutu ba, don haka ni ma ban san shi ba. Na daɗe ina wannan kafin a bar ni in taɓa jan maɓalli na ɗaukar murya. Daga nan na koyi jinyar kaset ɗin da manyeto ya tauna: ka zaro zaren a hankali, ka miƙar da shi a kan gwiwa, ka yanke inda ya lalace da reza, ka manne da jan farce, ka naɗe da biro. Sayen jan farcen ma aikina ne. Balaraben da ke sayarwa kullum sai ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, sannan ya miƙo mini.

Kaset yana da dangi kamar mutum. Wanda aka ɗauka daga bakin mawaƙi shi ne uwa. Wanda aka kwafa daga uwa 'ya ce, na bayanta jika. Kowane kwafi yana rage wani abu ya ƙara shuuu, in ka kai ga tattaɓa kunne sai ka rantse a cikin ruwan sama aka yi waƙar. Baba Sanda yana jin kaset sau ɗaya zai ce maka wannan jika ne, kuma uwarsa ta sha rana a gaban mota. Uwaye yana ajiye su cikin akwatin ƙarfe, a naɗe da tsohon rawani, ba mai taɓawa sai shi.

Waƙoƙin da suka fi ba mu wahala su ne na mutanen duwatsu: Abzinawa, da Tubawan Tibesti, da mutanen duwatsun wajen Gat. Mawaƙin birni kowa ya san shi, har hotonsa ake mannawa. Na dutse kuwa wata mata ce da ke tatsar akuya, wani matafiyi ya ɗauke ta ya wuce, ba ta ma san muryarta ta ƙetare Sahara ba. Kuma masu sayen ba su ɗaukar wasa. Na ga Batuben da ya sayi kaset a wani shago, an ce masa yabon ango ne, ya kunna a bikin ƙanensa, ashe zambo ne ga marowaci, kuma a yaren da surukan ke ji. Wajenmu ya zo neman a fassara masa, hannunsa a kan wuƙa, mai wancan shagon kuwa ya tafi gaida wani ɗan'uwansa a Murzuƙ bai dawo da wuri ba.

Saboda haka Baba Sanda ya kafa dokar yi wa kaset kai. Yawancin masu sayenmu ba su karatu, takardar jikin kaset kuma ɓallewa take. Don haka kafin waƙa ta fara sai ka yi sallama da bakinka, ka faɗi wanda ya rera, da dutsen da ya fito, da wanda ya kawo. In ba a gabanka aka ɗauka ba, dole ka ƙare da "in ji wane". Ni na zama mai yin kai don an ce muryata ta fi fita. Na faɗi "in ji" har ta zama mini ciwo. Mai shayi ya taɓa tambayata ko gari ya waye, na ce masa ya waye, in ji zakara.

Sai mummunar shekara ta zo, wadda aka rufe shagunan 'yan kasuwa aka ce kowa ya je manyan kantunan gwamnati. Muka kwashe kayanmu muka koma wani ɗaki a unguwar Abdulkafi, muna aiki ƙofa a rufe. Sabon kaset ya ɓace, batir ya ɓace, wanda mu muke kira pil. Mutane suka koma shanya pil a rana, wasu su cije shi, wasu su buga shi da dutse, don ya ƙara ɗan numfashi. Abokan sana'armu suka fara goge tsofaffin kaset suna ɗora sababbi, suna yanke kai don waƙa ta samu wuri. Baba Sanda ya sayar da manyeto ɗaya cikin biyun da muke da su, amma bai goge uwa ko ɗaya ba. Ni kuwa na koma ga simintin da na gudu, bayana yana tsine mini safe da yamma.

Da abubuwa suka fara lafawa muka sake buɗe ƙofa, sai ga Hamidan. Hamidan direban babbar mota ne da ke bin hanyar Agadas, Balarabe mai Hausar kasuwa, mutumin kirki amma bai taɓa ganin labarin da ba zai iya ƙara wa gishiri ba. Ya ajiye wani kaset ya ce, "Ya Haj Sanda, wannan kaka na. Tsoho mace, saman dutse Bagzan. Wallahi babu irin shi."

Muka kunna. Murya ce siririya, mai sauri, tana hawa sama kamar za ta tsinke, da wani kiɗa ƙas-ƙas a ƙarƙashinta. Baba Sanda yana jin yaren Abzinawa, ya ce waƙar ta Bagzan ce ba shakka, tana maganar saniyar da ke jan ruwa a garka da mazan da suka tafi ayarin gishiri. Sai kuma ya ce, "Amma tsohuwar nan yaushe take numfashi?" Hamidan ya ce iskar dutse ce, can sama mutane ba su gajiya. Na yi kai: "Tsohuwar Bagzan, kakar Hamidan direba, in ji Hamidan."

Ba mu taɓa sayar da abu irin wannan kaset ba. Sauran masu kwafi suka saya suka kwafa, kuma "in ji Hamidan" ne abu na farko da suka zubar. Kafin ka ce me, tsohuwa ta samu tarihi. Wani ya ce makauniya ce. Wani ya ce da idonsa ya ga turmin da take kaɗawa, wai na kakanninta ne. Wani ya ce ta rasu a ranar da aka ɗauki muryarta, wani kuma ya ce ƙarya ne, bara ma ta ba shi dabino. Har aka fara cewa asalin waƙar dutse ke nan, siririya da sauri, duk mai rerawa a hankali ɗan zamani ne. Hamidan kuwa ya daina biyan kuɗin shayi a Mahdiya.

Wata ranar Alhamis da la'asar ina manne zare, ƙofa ta yi duhu. Wani ƙato ne Ba'abzine, rawaninsa ya rufe har hanci, kafaɗunsa fari fat da siminti. Muryarsa da ya yi sallama sai da na ji ta a cikin cikina. Ya ce sunansa Agali, lebura ne, daga saman Bagzan yake.

"Ina mai kaset ɗin tsohuwa?"

Baba Sanda ya nuna masa benci. Bai zauna ba.

"Waƙag ga ta innata ce. Ita ta yi ta, ina yaro, shekarar da babanmu ya tahi Bilma ya daɗe. Ba wata kakar direba. Yanzu wani ɗan garinmu ya zo, ya ce an kai kaset ɗin har can. Mata na yi ma inna dariya bakin rijiya, suna cewa ashe wajen wata ta ɗauko, shekara da shekaru tana cika baki. Ta bar zuwa rijiya. Tsohuwa ce, mi gare ta in ba waƙag ga ba?"

Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, don na san yadda dariyar ƙauye take, ba inda za ka gudu ka ɓuya. Baba Sanda ya ce ya kwantar da hankalinsa, za mu nemo mai muryar.

"Ku nemo ta," in ji Agali. "Ɓarauniya ce, kuma ko rerawa ba ta iya ba. Murya kamar akuya ta maƙale a ƙaya. Tana gudu kamar an biyo ta. In na gan ta, don dai mace ce, amma sai na hwaɗa mata."

Neman uwar kaset aiki ne na tambaya ɗaya: wa ya ba ka? Ka yi ta yinta har ka kai ga wanda ya danna jan maɓalli. Da Hamidan ya dawo daga tafiya, Baba Sanda ya zaunar da shi ya zuba masa shayi, ya fara. A wane ƙauye kakar take? Hamidan ya ce can sama. Da wane manyeto ya ɗauka? Ya ce na wani ne. Wane wani? Ya dubi Agali da ke tsaye a bakin ƙofa, ya auna faɗin kafaɗunsa, sai ya ce, "Bahi, bahi, shi ke nan. Makanike ya ba ni. Amma murya kamar kaka na sosai." Makanike ya ce shi wani mai kai kayan lambu ya bar masa a mota. Mai kayan lambu ya ce a wata gona ya samo wajen ƙauyen Tamanhint, hannun mai ban ruwa, wani Isuhu.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka hau bayan motar Hamidan, ni da Baba Sanda da Agali, da manyetonmu da sabon pil. Da muka kusa, Agali ya ce, "Na san gonag ga. Na yi aiki nan mummunar shekara. Ba wata tsohuwa nan, sai jaki." Isuhu ma ɗan wajensu ne, suka gaisa gaisuwarsu mai tsawo. Ya shiga bukka ya fito da kaset daga cikin gwangwanin madara. Ya ce shi ya ɗauka, amma ya ɗauki abubuwa da yawa a lokacin, kuma da ya sake kunnawa daga baya ya ji muryar mace, sai ya ɗauka wani ne ya ari kaset ɗin ya ɗora tasa.

Muka kunna a gindin dabino. Uwa ce, ba a yanke mata farko ba. Kafin waƙa akwai hira, sai dai masu hirar kamar ɓeraye ne ke rabon gado. Can a bayansu wani abu ya yi fiit-fiit-fiit kamar usur. Ana cikin haka jakin gonar, da ke ɗaure kusa da mu, ya buɗe baki ya yi kukansa. Na dubi Baba Sanda, shi ma ni yake kallo. Kukan ɗaya ne, tsayawarsa ɗaya, ja da bayansa ɗaya, sai dai na cikin kaset an matse shi.

Ga abin da ku yaran waya ba ku sani ba. In pil ya yi sanyi, zare a hankali yake tafiya. Abin da ka ɗauka a haka, in ka kunna shi da pil mai ƙarfi, sai ya ruga da gudu, murya ta haye sama. Baba Sanda ya tambayi Isuhu wane irin pil ya yi aiki da shi ranar.

"Na shanya ne, Baba. Har cizo ya sha."

Muka cire sabon pil ɗinmu, muka zaro na cikin tocilar Isuhu da ke ba da haske ja kamar garwashi, muka saka. Zare ya fara jan ƙafa. Ɓerayen suka zama maza suna gardama a kan sukari. Usur ya zama jaki. Turmin kakanni ya zama jarkar man mota, dum, dum. Sai wani ya yi gyaran murya, ya ce bismillahi, ya ɗauki waƙa da wata murya mai kauri da na ji ta a cikin cikina.

Ba wanda ya motsa. Agali ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido. Hamidan ne ya fara dariya, ya faɗi a kan yashi yana riƙe ciki yana cewa, "Kaka na! Kaka na! Sannu da siminti!" Isuhu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni na yi kamar ina duba zare. Baba Sanda, wanda bai cika dariya ba, ya ce a natse, "Ga ta nan, Agali. Ka ce in ka gan ta za ka faɗa mata."

Da dariya ta lafa aka zauna shan shayi, Baba Sanda ya shimfiɗa masa magana ba ɓoye-ɓoye. Ya ce muna iya yin sabon kai mu ce waƙar ta innarsa ce, mu yi shiru a kan mai rerawa, mu biyar ɗin nan mu rufe bakinmu. Amma muddin mutane suna jin muryar tsohuwa, za su ce akwai tsohuwa, matan rijiya kuma za su ce ɗan ne ya sayi masu kaset. In ana so a gama da ita, sai a bar kowa ya ji da kunnensa yadda take rikiɗewa ta zama shi. In an yi haka kuwa, sunan zai bi shi duk inda ya shiga a Sabha, har ya koma gida, har 'ya'yansa. Ga mutumin da ko bakinsa bai yarda a gani ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Agali ya shanye kofi na farko. Ya shanye na biyu. Da aka miƙa masa na uku ya riƙe shi ya ce, "Ni namiji ne, ina iya ɗaukar dariya. Ita ta tsuhwa. Ku yi."

Wannan kaset shi ne aikin da na fi alfahari da shi. Mun haɗa manyeto biyu, na Isuhu da namu. Muka fara da muryar da kowa ya sani, a tsakiya muka sauya pil, aka ji tana saukowa har ta zama ta Agali. Sannan ya rera ta sabuwa daga farko har ƙarshe, a hankali, yadda innarsa ke yi. Wajen yin kai aka ɗan tsaya, don ya ce shi ba zai kama sunan mahaifiyarsa da bakinsa ba. Isuhu ne ya raɗa mini. Na ce, "Waƙar Tekna ce ta saman Bagzan, in ji ɗanta Agali, wanda ya rera ta a gabanmu." Hamidan ma Baba Sanda bai ƙyale shi ba, sai da ya matso ya faɗa da bakinsa cewa kakarsa 'yar Murzuƙ ce, ba ta taɓa hawa dutse ba, kuma ko raino take yi ba ta waƙa. Shi ya kai kaset ɗin Agadas a motarsa, ya damƙa wa masu hawa dutse.

Abin da Baba Sanda ya faɗa bai ɓata ba. Kafin sati ya zagayo, duk inda lebura ke tsayawa jiran aiki a Mahdiya an san Tsohuwa. Larabawan da ke zuwa ɗaukar ma'aikata suka ji, su ma suka kama, suna leƙowa daga mota suna cewa a ba su Hajiya, ta fi kowa ƙarfi. In Agali na wucewa sai wani ya matse hanci ya ja waƙar da siririyar murya. Bai taɓa amsawa ba, bai kuma taɓa dukan kowa ba, amma na ga yadda yake sauya hanya, kuma abin ya dame ni, don da hannuna na yi kaset ɗin.

Sai bayan sanyi wani ɗan garin su Agali ya iso Sabha. A shagonmu ya samu Agali, wanda ya zo karɓar kwafi. Suka gaisa, aka tambayi raƙuma, aka tambayi ruwa, aka tambayi kowa da kowa, sannan Agali ya tambayi abin da ke ransa kamar bai dame shi ba.

"Kaset ya kai?"

"Ya kai. Inna ta ji. Ta yi dariya har sai da aka riƙe ta."

"Mi ta ce?"

"Ta ce ka tsallake baiti guda, na saniya. Kuma ta ce tsohuwar ta hi ka murya."

Agali ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Rijiya fa?"

"Ita da kanta ta ɗauki manyeto ta kai. Ta aza shi bakin rijiya, ta zauna kusa da shi. Duk wadda ta zo ɗiban ruwa sai ta ji sunanta kahin ta jefa guga. Har pil ya mutu ba ta tashi ba."

Agali ya miƙe. Ya gyara rawaninsa, ya saka kaset a aljihu, ya fita. Yana sa ƙafa a titi, wani daga wajen mai shayi ya ɗaga murya ya ce, "Tsohuwa!"

Agali ya tsaya, ya juyo, ya ce, "Na'am."